Hoton hawan Mambilla ya ƙi yi mani kyau, ku taimaka

Salam 'yan uwa masu harkar hoto, don Allah ina neman shawara. Ni a Katsina nike, aikina hoton biki da suna, to kun san garinmu shimfiɗe yake ba wani tsauni. Watan jiya na raka yayana Gembu da ke kan tsaunin Mambilla a Taraba, daga Mayo Selbe muka fara hawan nan, titi na lanƙwasa kamar maciji ga rami gefe guda har cikina ya ɗuri ruwa, amma da na duba hotunan wallahi kamar titin Daura na ɗauka, tudun bai fito ba sam, kwanonin titin ma guda ɗaya ke shiga hoton.

Kyamarar Canon gare ni da ƙaramin lens (gilashin gaban kyamara) 18-55. Ta tagar mota na ɗauki yawanci don direba ya ce ba wurin fakin, rabi duk sun girgiza, sauran kuma hazo ya wanke su fari fat. Na ja zum, na rage, duk ɗaya.

Shin sama zan hau in ɗauko ƙasa, ko dogon lens zan ara? Kuma wane lokaci hazon ke washewa? Bayan Sallah za mu koma in sha Allah.