Gwajin fili ko kwaikwayon kwamfuta: abin da masu bincike kan 5G suka gani

Ɗalibin digiri na biyu: Assalamu alaikum malamaina. Bincikena ya shafi yadda siginar 5G ke raunana a unguwannin cikin gari, kuma malamin da ke duba aikina ya ƙi amincewa da sakamakon da na samu ta kwaikwayo a manhajar MATLAB kaɗai. Ina roƙon waɗanda suka bi wannan hanya su gaya mini yadda suka yi.

Injiniya Mai Eriya: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, malaminka yana da gaskiya. Lissafin hasashen raunanar sigina na Okumura da Hata, masana biyu na Japan, da aka koya mana ya samo asali ne daga awon da aka yi a Tokyo, wanda aka wallafa a 1968, Hata kuma ya mayar da shi ƙa'idar lissafi a 1980, domin zangon igiyar rediyo da bai wuce megahaz 1500 ba. Ni da na zagaya tsohon gari da na'urar awo a bayan babur, sai na tarar katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano da lunguna masu lanƙwasa suna yi wa sigina abin da lissafin bai hango ba, dole na sake daidaita shi.

Malama Dakta: Ni kuma matsalata kayan aiki ce. Na so in yi awo a gigahaz 28, irin wanda Farfesa Rappaport da ɗalibansa suka yi a New York suka wallafa a 2013, inda suka nuna cewa sigina na kaiwa kusan mita 200 daga eriya. Sashenmu ba shi da na'urar da ke kama wannan zango, wadda muka nema aro kuwa ta zo ba a saita ma'auninta ba, har zangon karatu guda ya salwanta. Daga ƙarshe na koma gigahaz 3.5, wanda hukumar sadarwa ta Najeriya (NCC) ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, kamfanonin MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu, tunda shi ne ke aiki a kan turakunmu.

Injiniya Mai Eriya: Dakta, kin gwada lokacin hunturu?

Malama Dakta: Na gwada, kuma abin ya ba ni mamaki, domin hazo bai rage siginar yadda na zata ba a wannan zango, bambancin da ya fi fitowa fili shi ne tsakanin waje da cikin ɗaki. Ruwan sama da ƙura sun fi yin tasiri idan aka haura gigahaz 10, shi ya sa wanda ke hangen 6G, da hukumar sadarwa ta duniya (ITU) ta raɗa wa tsarinsa suna IMT-2030 a 2023, ya kamata ya tanadi awon damina da na rani.

Ɗalibin digiri na biyu: Na gode ƙwarai. Zan nemi izinin mai unguwa kafin in fara zagaye da na'ura, don kada a ɗauke ni mai leƙen gidajen mutane.