Me za mu kira "sea urchin" da Hausa?

Malamin bayoloji, Birnin Kebbi: Salamu alaikum, malamai. Ana neman sunan Hausa ga dabbar tekun nan da Turawa ke ce wa "sea urchin". Mai son bayanin aikin Eric Davidson da Hausa dole ya ci karo da ita, don a kanta ya ƙarar da shekarunsa na bincike a jami'ar Caltech ta Amurka har ya rasu a 2015, yana bin diddigin yadda ƙwayoyin gado ke kunna juna suna kashe juna har ƙwai guda ya zama jiki. A 2006 aka gama karanta kundin gadonta, aka ƙidaya ƙwayoyin gado wajen 23,300. Dunƙulalliya ce, ɓawo mai tauri, ƙaya ta ko'ina, bakinta a ƙasa da haƙora biyar. Wani ya rubuta "kifi mai ƙaya". Bai kwanta mini ba.

Daga Argungu: Kada ma ya kwanta maka, Malam. Ba kifi ba ce, ko ƙashin baya ba ta da shi. Ka ce wa masunci a Matan Fada kifi mai ƙaya, ƙurungu zai miƙo maka, in kuma ka ce dunƙulalle, ya kawo talibambam.

Daga Gusau: Ai ba sai an wahala ba. "Urchin" ɗin tsohon sunan bushiya ne a Turanci. Larabawa ma ƙunfuzul bahri suke cewa, wato bushiyar teku. Beguwa ta zo mini a rai saboda akwai masu dogayen ƙayoyi, amma wadda ake aiki da ita a ɗakin gwaji gajerun ƙaya gare ta, sak bushiya in ta dunƙule.

Daga Yawuri: Dakta, me ya hana bushiyar ruwa? Ya fi sauƙi a baki.

Daga Gusau: Ya fi sauƙi, amma zai ɓatar da ɗalibi. Ɗan Yawuri in ya ji ruwa, Neja ce a ransa, alhali duk dangin dabbar nan babu mai zama a ruwan daɗi. Ruwan teku na da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. Ka saka ƙwanta a ruwan famfo, zai sha ruwa ya kumbura ya fashe.

Ga yadda ake aikin, don a ga abin da ya sa masana suka manne mata. Ana narka giram 37 na fotasiyom kulorayid a lita ɗaya ta ruwa, a ja kamar mililita ɗaya a sirinji, a soka ta fatar nan mai laushi da ke kewaye da baki. Cikin mintuna kaɗan sai iri ya fara fitowa ta ƙofofi biyar da ke samanta. Sai a lokacin ake sanin mace da namiji: nata rawaya-rawaya, nasa fari kamar madara. Macen a kife ta a bakin kofin gilashi cike da tataccen ruwan teku, ƙwai su riƙa sauka ƙasa. Na namijin a zuƙe shi ba tare da ruwa ba, a ajiye kan ƙanƙara, domin da ya taɓa ruwan teku ya fara iyo ke nan, ƙarfinsa ya ƙare kafin a buƙace shi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne zuba maniyyi da yawa. Ɗigo ɗaya da aka tsarma sosai ya isa. In an dace, cikin minti ɗaya za ka ga wani siririn zobe ya tashi ya kewaye ƙwan a madubin ƙara girma, ya tare sauran. In ƙwayoyin maniyyi biyu suka riga zoben shiga, ƙwan ba ya rabuwa gida biyu, sai ya tsage uku ko huɗu a tashi ɗaya, tayin ya lalace. Wannan lalacewar ce Theodor Boveri ya yi amfani da ita a 1902 ya nuna kowane kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, da nasa aikin. Zafi ma matsala ne: irin ta Kalifoniya mai launin shunayya sanyin digiri 15 take so, wanda ɗakin gwaji a Gusau cikin bazara ba zai ba ta ba sai da na'urar sanyaya ruwa.

Daga Argungu: A ƙwan bushiyar teku ne kuma Tim Hunt ya gano furotin ɗin da ke taruwa ya ɓace duk lokacin da tantanin halitta zai rabu, a cibiyar bincike ta Woods Hole da ke Amurka a 1982, ya samu kyautar Nobel a 2001. Shi wannan furotin ɗin a bar shi da sunansa saikilin, kada a ƙirƙiro masa wani.

Malamin bayoloji, Birnin Kebbi: To, an tsaya a bushiyar teku, jam'i bushiyoyin teku. Da yake kalmar tamace ce, inda jinsi ya zama dole a rubuta namijin bushiyar teku ko macen. A farkon ambato a ƙara da cewa ba dangin bushiyar daji ba ce, 'yar'uwar tauraron teku ce.