Neman shawara: faifan ajiya na 4TB don na'urar CCTV, wanne zan saya?

Mai kanti, Nima:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kyamara 8 ne a kantina, faifan ajiya na 1TB da ke cikin DVR (na'urar da ke naɗar hotunan kyamarorin) ba ya riƙe hoton sati guda. A kasuwar Circle da ke Accra an nuna mini guda biyu na 4TB. Mai sayarwa ya ce ɗayan PMR ne, ɗayan kuma SMR, shi ya fi araha. Girmansu ɗaya da tsohon nawa. To ta yaya ya ninka shi huɗu, kuma wanne ya dace?

Mai gyaran kwamfuta, Mamobi:
Wa alaikumus salam Alhaji. A cikin faifan akwai faranti mai juyawa, an shafe shi da ƙananan ƙwayoyin maganaɗisu, su ke riƙe bayanai. A da kwance ake jera su. In aka matsa ƙanƙanta su, zafi kaɗai kan birkita su, bayanai su goge. PMR shi ne tsayar da su a tsaye, sai wuri ɗaya ya ɗauki ninkin na da. Farfesa Shun-ichi Iwasaki na Jami'ar Tohoku a Japan ya fito da dabarar tun shekarun 1970, amma sai 2005 Toshiba ta kai ta kasuwa, a 2007 Hitachi ta fitar da 1TB na farko.

Sai dai kada kalmar PMR ta ruɗe ka, domin SMR ma a tsaye yake rubutu. Tambayar da za ka yi ita ce: CMR ne ko SMR? A CMR, wato PMR na asali, kowane layin rubutu zaman kansa yake. A SMR layukan hawa juna suke kamar kwanon rufi, ba ka cire na tsakiya sai ka taɓa na kusa da shi. Gyara kaɗan sai faifan ya sake rubuta yanki guda, yawanci 256MB. Yana da ɗan wurin ajiya na wucin gadi da yake kwashewa in ya sami hutu. DVR kuwa ba ta hutu dare da rana, in faifai ya cika kan tsohon hoto take rubutawa. Nan ne za ka ga bidiyo yana tsalle, daidai mintin da kake nema babu shi.

Mai haɗa kyamara, Madina:
Malam ya yi bayani. Lissafin kwana kuma: kyamara ɗaya a 2Mbps (yawan bayanan da take turawa a daƙiƙa) tana cin kusan 21.6GB a yini. Takwas sun kama 173GB. Ke nan 4TB zai kai ka kwana 23. In 4Mbps aka saita, raba kwanakin biyu. Shiga saiti ka ga ko na'urar na da H.265 (tsarin matse bidiyo don ya rage cin wuri), ka kunna ɗaukar hoto sai an ga motsi a kyamarorin cikin sito.

Kada ka dogara da launin takarda, lambar samfuri za ka duba. WD40PURZ CMR ne, don kyamara aka yi shi. ST4000DM004 da WD40EFAX SMR ne. In ka ga 3.63TB bayan ka saka, ba cuta ba ce, bambancin ƙidaya ne.

Wata 'yar uwa, Alajo:
Ni dai ban ga laifin SMR ba in ajiyar hotuna da takardu za a yi, a zuba sau ɗaya a bar su. Amma Alhaji, tun kafin ka fitar da sidi ko ɗaya, duba littafin DVR ɗin ka ga iyakar girman da take karɓa. Wasu tsofaffi ba sa wuce 2TB.

Mai gyaran kwamfuta, Mamobi:
Gaskiya ne Hajiya. In kuma na hannu ne, a jona shi a kwamfuta a gabanka a buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai. Layin 05, C5 da C6, masu ƙirga wuraren da suka lalace a faifan, su zama sifili, ka kuma ga awannin da ya yi yana aiki. Shekara guda ba kashewa awa 8,760 ce, sai ka auna da abin da mai kaya ya faɗa.

Adafta ma: faifan inci 3.5 yana jan kusan 2A a 12V lokacin tashi. In adaftar ta gaji za ka ji ƙas-ƙas, a ɗora wa faifai laifi. Ga dumsor, ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na lalata fayil, don haka sa ƙaramin UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke. Kada kuma a kulle na'urar cikin durowa, zafin faifan ya riƙa wuce digiri 50.

Mai kanti, Nima:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Littafin ya ce tana ɗaukar har 6TB. Adaftar 12V 2A ce, ta isa ko in canza?

Mai haɗa kyamara, Madina:
In DVR kaɗai take ci kuma ita ce ta asali, ta isa faifai ɗaya. In an raba ta da kyamarori, sai ka ba su tasu daban.