Wai mu ’yan Arewa mun fi Yawunde da Duwala samun aikin yi?

Alhaji Sani, Garwa: Salamu alaikum jama’a. Wani yaro ɗan jami’a ya dage mini cewa a lissafin gwamnati rashin aiki ya fi yawa a Yawunde da Duwala, wai mu nan Arewacin Kamaru da sauƙi. Ni ban yarda ba. Duk wanda ya zaga unguwannin Garwa da hantsi ya ga samari jibge a gindin bishiya suna shan shayi, ya san wannan zance ba ya kan hanya.

Malam Buba, Ngaundere: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a 2010 ya ba da kashi 3.8 cikin ɗari na marasa aiki a Kamaru baki ɗaya, amma Yawunde kashi 10, Duwala kashi 9 da ’yan kai. Karkara kuwa ƙasa sosai, kuma yawancin mutanenmu a karkara suke. Abin dubawa shi ne yadda ake ƙirgar. Ƙa’idar ita ce in mutum ya yi aikin ko da awa ɗaya a makon da ya wuce, to mai aiki ne. Wanda ya je gonar mahaifinsa, da mai tallar goro, da yaron da ke tsare da kwalaben zuwa-zuwa (man fetur ɗin sumoga daga Najeriya) a bakin titi, duk an sa su cikin masu aiki.

Alhaji Sani: Awa ɗaya? To Malam wannan ai ba aiki ba ne, fita kunya ce.

Hajiya Rabi, Marwa: Alhaji ka bari na sa baki. Hukumar nan dai ita ce a 2014 ta ce kashi 74 cikin ɗari na mutanen Arewa Mai Nisa talakawa ne, jihar Arewa kusan 68, Duwala kuwa 4. Ka ga ashe inda aka ce kowa na da aiki nan talauci ya yi katutu. Dalili a fili yake: zaman jiran aiki sai mai wanda zai ciyar da shi. A nan in ba ka fita ba tukunya ba ta hawa wuta. Maƙwabciyata tun asuba take suyar ƙosai, ’ya’yanta biyu na talla, ribar da ƙyar take sayen kwanon dawa. A takarda gidan nan mutum uku ne masu aiki.

Usmanu, Yawunde: Hajiya ina tare da ke, amma kar mu raina wahalar nan kudu. A unguwar Briketeri muna da yara masu digiri daga jami’ar Marwa da ta Ngaundere, shekara da shekaru suna shiga jarrabawar ɗaukar ma’aikata, suna kwana a shagon ɗan’uwa. Rashin aikinsu na gaske ne. Kuma ku lura, ana ƙirga mutum a inda yake zaune. Ɗan Mokolo da ya rasa abin yi ya hau jirgin ƙasa daga Ngaundere, yau lissafin Yawunde ya ƙara wa nauyi, na gida ya ragu.

Alhaji Sani: Yauwa Usmanu, ka zo inda nake. Namu ne a can ma. Me zai riƙe yaro a nan? In ka cire kamfanin auduga na Sodecoton da kamfanin shinkafa na SEMRY da ke Yaguwa da aikin gwamnati, ina sauran masu biyan albashi a ƙarshen wata?

Idi, Kusiri: Baba Alhaji, ni abin da na gani shi ne daga 2014 da Boko Haram ta taso aka rufe hanyar Banki da Amcide ta kan iyakar Najeriya, ’yan dako da direbobi da dillalan shanu suka koma haya da babur. Sannan Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, zuwa-zuwa ya yi tsada, ribar babur ta sake raguwa. Babu wanda zai ce maka ba shi da aiki, amma ka tambaye shi nawa ya kai gida.

Malam Buba: Shi ya sa ni ba na cewa a jefar da alƙaluman. Binciken na 2010 da kansa ya ce kusan kashi 90 na masu aiki sana’ar da ba ta da rajista suke yi, kuma kusan kashi 70 aikin bai ishe su ba, ko a lokaci ko a kuɗi. Wannan ya kamata mu riƙa ɗagawa in ana maganar Arewa. Ga kuma rani: manomin auduga da ba shi da karal, wato gonar laka ta muskuwari (dawar rani), ko lambun albasa, watanni yake yi hannu rabbana.

Alhaji Sani: Na ji bayaninka Malam, Allah ya ƙara sani. Amma ban sauka ba. Tsorona shi ne mai rabon masana’antu ya ɗauki kashi 10 na Yawunde ya ce can ne ake da buƙata. Wa ya taɓa jin wakilanmu a majalisa sun karanta wancan kashi 70 ɗin?