Sabuwar ƙaramar bindigata tana cije kwanso: laifina ne ko nata?

Abu Safwan ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makonni uku ke nan da takarduna suka kammala na karɓi ƙaramar bindiga, ta farko a rayuwata. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don kada zancen ya koma "ai da wance ka saya". Matsakaiciya ce, 9mm, gangar jikinta ta roba mai tauri, magazin ɗinta na cin harsashi 15, tsawon bututun wajen inci 4. Da magazin biyu ta zo.

Ranar Asabar na kai ta filin harbi karon farko. Yadda na ciro ta daga akwatinta haka na tafi da ita, ban goge ba, ban ɗiga mata mai ba, tunda sabuwa ce fil. Na harba harsashi 100, irin na atisaye mai lamba 115 a jikin kwali, wato nauyin kan harsashin. Cikin ɗarin nan sau huɗu ta ba ni matsala. Sau uku kwanso ya fito rabi ya tsaya a tsaye a bakin tagar da yake fita, silaid, wato marfin saman nan mai kai da komo, ya matse shi kamar yatsa a bakin ƙofa. Sau ɗaya kuma silaid ɗin bai ƙarasa komawa gaba ba, sai da na tura shi da babban yatsa. Ga harsashi na 15 ba ya shiga magazin sai na ji kamar yatsana zai karye. Ga harbina duk yana taruwa ƙasa ta hagun takarda.

Wanda ke kusa da ni a filin ya ce kada in damu, sabuwa sai ta ci 500 kafin ta saki jiki. Wani kuma ya ce bindigar zamani da ta cije a ɗarin farko mayar da ita ake yi. Na dawo gida raina a jagule, don abin da na saya domin tsaron iyalina ga shi ban yarda da shi ba. Wa zan bi? Kuma wane mai ake sa mata, a ina, nawa? Ina da yara biyu, babban shekararsa bakwai, shi ya sa batun ajiya ma yana hana ni barci.

Kawu Mai Gyara ya amsa:

Wa alaikumus salam Abu Safwan. Kwantar da hankalinka, ban ga abin mayarwa ba tukuna cikin abin da ka lissafa.

Kuskuren farko shi ne tafiya da ita ba wanki. Abin da kamfanoni da yawa ke shafa wa sabuwar bindiga maganin tsatsa ne, don ta jure zaman sito da tafiya, ba man aiki ba ne. Yana da danƙo, in ya haɗu da baƙin albarushi sai ya zama kamar ƙaro. Amma buɗe littafinka ka karanta kafin ka kama goge komai, domin Glock, misali, suna sa wani giris mai launin jan ƙarfe a cikin silaid da gangan, kuma sun ce a bar shi ya ƙare da kansa.

Bari in nuna maka yadda take aiki, sai ka gane cijewar da kanka. Galibin irin waɗannan suna bin tsarin maƙerin bindigogi John Browning ne. In harsashi ya tashi, bututu da silaid suna ja da baya tare na 'yan milimita, sai gindin bututun ya sunkuya ya saki silaid, shi kuma ya ci gaba da tafiya baya shi kaɗai. A hanyar ne wata 'yar ƙugiya ke janyo kwanso, wani ɗan ƙarfe ya doke shi waje. Daga nan sifirin ya maido silaid gaba, ya kwaso sabon harsashi daga magazin ya cusa shi a makwancinsa. Duk wannan aikin da ƙarfin harsashi ɗaya ake yin sa, ba wani inji a ciki. To kai ga sifirin sabo mai tauri, ga silaid yana tafiya a kan danƙo, ga sifirin magazin shi ma sabo yana danno harsasai sama da ƙarfi suna gogar cikin silaid, ga kuma 115 na atisaye wanda sau da yawa ba shi da zafi sosai. Silaid bai samu gudun da zai yar da kwanso da kyau ba, sai ya dawo ya kama shi a ƙofa.

Wajen wanki, fara da fitar da duk wani harsashi daga ɗakin da za ka yi aikin. Cire magazin tukuna, sannan ka ja silaid baya ka kafe shi, ka leƙa makwancin da ido, ka sa ɗan yatsa ka taɓa. In ka juya tsarin, ka ja silaid kafin cire magazin, to ka sake ɗora wani harsashin ne ba ka sani ba. Ina nanata wannan ne saboda akwai masu yawa da sai an ja kunama kafin silaid ya fita. Ni da hannuna na taɓa karɓar bindigar da mai ita ya rantse babu komai ciki, na ja baya sai ga harsashi ya faɗo kan teburina yana gangarawa. Tun ranar ko ni na sauke ta minti ɗaya da ya wuce, sai na sake dubawa.

Kashi huɗu kawai za ka raba ta: gangar jiki, silaid, bututu, sifirin. Kada ka wuce nan. Bututu ta baya ake shigar masa da buroshi, ta wajen makwanci, ba ta baki ba, don in ka ji wa leɓen bakin rauni saiti ya lalace. Jiƙa ƙyalle da ruwan wankin bindiga ka tura, ka bar shi minti kaɗan, ka bi da buroshin tagulla, sannan busassun ƙyallaye har ɗaya ya fito fari. Ka sa tsohon buroshin haƙori ka goge ƙarƙashin 'yar ƙugiyar nan da ɗan gangaren da harsashi ke hawa ya shiga makwanci. In kana goge fuskar da allura, wato tsinken ƙarfen da ke bugun gindin harsashi, ke leƙowa, kifa silaid ɗin bakinsa ƙasa don kada ruwa ya gangara cikin ramin allura.

Mai kuma ɗigo ne, ba wanka ba. Ɗigo a kowane layin da silaid ke zamewa a kai, ɗigo ɗaya ka shafe bayan bututu da yatsa, musamman inda za ka ga ƙarfe ya fara haske saboda guga, sai duk inda littafin ya nuna. Ramin allura a bushe ake barin sa, haka cikin magazin. Mai a ramin allura yana tara datti, wata rana allurar ta bugi harsashi a hankali ya ƙi tashi. WD-40 ba man bindiga ba ne, ka nemi wanda aka yi don ita.

Ummu Hanan ta amsa:

Malam Abu Safwan, Kawu ya gama maganar ƙarfe, ni ta hannu zan yi, don abin da ya same ka shi ya same ni a watana na farko. Tawa tana cijewa a hannuna kusan kowane magazin, mai koyar da mu ya karɓa ya zazzage 30 ba ko gargada. Ya ce in kalli wuyan hannuna. Ashe duk harbi ina barin sa ya lanƙwashe, bindigar gaba ɗaya ta yi baya tare da silaid. Silaid kuwa yana buƙatar abin da zai tokara, in gangar jikin ta bi shi ƙarfin ya tafi a banza. Ƙananan sun fi manya rashin haƙuri da wannan, tunda ba su da nauyi kuma wurin riƙonsu gajere ne.

Ka kai hannun damanka can sama har ya cika lungun bayan mariƙin, kada ka bar rata. Tafin hagu ya rufe duk wurin da ya rage, kuma shi ne zai fi matsewa. Ka sandare wuyan hannu kamar mai miƙa wa wani guduma. Kula da manyan yatsunka kada su goga silaid.

Ƙasa ta hagu da ka ce, in kai badama ne kada ka taɓa saitin. Jikinka ne yake jiran ƙara, sai ka danna bakin ƙasa daidai lokacin da kake fizgar kunama. Ka sayi harsasan roba na gwaji, waɗanda ba sa tashi, ka ba wani ya cakuɗa maka ɗaya cikin magazin a filin ba tare da ka san inda yake ba. In ka iso kansa za ka ga bakin bindigar ya yi sujada ba abin da ya tashi. Ni ranar da na ga haka da idona na daina zargin tawa.

Sadauki77 ya amsa:

Da girmamawa Kawu, ni ban yarda da zancen "sai ta saki jiki" ba. Mutum ya sayi abu don ranar tsanani, a ce sai ya ƙona ɗaruruwa kafin ya yi aiki? Ta yi aiki daga harsashin farko ko a mayar.

Kawu Mai Gyara ya amsa:

Sadauki, ai ban ce 500 ba, wancan na filin ne ya faɗa. Kamfanoni sun bambanta. Kahr sun rubuta a littafinsu cewa a harba 200 kafin a ɗauki bindigar a matsayin abin dogaro, wasu kuma ba su nemi komai ba. Inda nake tare da kai shi ne, ba a fakewa da "sabuwa ce" har abada. In an wanke, an sa mai, gwani ya riƙe, an canza harsashi da magazin, kuma ta wuce 200 ko 300 tana cijewa, to ta koma wurin masu ita. Kuma kada kowa ya sa mata fayil ko sandfefa wai zai gyara gangaren, garanti zai kashe, wataƙila ya ɓata ta ɗungurum. Amma ko wadda ba ta taɓa cijewa ba sai an harba ɗaruruwan nan, don ta nan ne kaɗai za ka san halinta.

Abu Safwan, ka sa wa magazin ɗinka lamba a gindi, 1 da 2, ka riƙe ɗan littafi. Duk cijewa ka rubuta wane magazin, harsashi na nawa, wane iri. Littafin zai kuma gaya maka lokacin canza sifirin, don yana gajiya bayan 'yan dubbai, adadin na cikin takardun kamfaninka. Taurin na 15 kuma zai ragu, ka nemi ɗan abin dannawa na loda magazin ka huta da yatsa.

Abu biyu na filin da ba na so ka manta. In ka ja kunama ka ji ƙas, ba ta tashi ba, bar bakinta yana kallon gaba ka ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. In kuma ka ji ƙara 'yar ƙarama ba kamar kullum ba, shurin ma ba ƙarfi, tsaya cak. Mai yiwuwa kan harsashin ya maƙale cikin bututu, in ka bi shi da wani bututun na iya fashewa a hannunka.

Ummu Hanan ta amsa:

Batun yara na dawo. Ɗan shekara bakwai ya san kowane lungu na gidanku fiye da yadda kake zato, saman kabad ba maɓoya ba ce. Akwatin ƙarfe mai kulle, wanda aka ɗaure da bango ko ƙasa, makulli a jikinka ko lamba a kanka kai kaɗai. Harsasai a wani wurin daban, shi ma a kulle. Kada ka bar ta cikin akwatin soson da ta zo da shi ko gidanta na fata, dukansu suna riƙe danshi. Jefa ƙullin silika a ciki, kuma duk ranar da ka taɓa ta ka bi da ƙyalle mai ɗan maiƙo, gishirin gumi na kawo tsatsa.

Sai dalma. Tana cikin hayaƙin harbi, tana maƙalewa a hannu da riga, kuma yara ta fi yi wa illa. Ka wanke hannu da fuska da sabulu kafin ka ɗauki ɗayansu, kayan filin a wanke su daban, wankin bindigar kuma ba a inda ake cin abinci ba.

Abu Safwan ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Kawu, Hajiya, har da kai Sadauki. Na dawo da rahoto. Daren Juma'a na raba ta kamar yadda Kawu ya ce. Ƙyallen farko da na bi layin silaid da shi ya fito ruwan ƙasa mai danƙo, har yana kama yatsa. Na yi ɗigo biyar na tsaya, ko da yake hannuna na ta so ya ƙara.

Jiya na harba 150, ɗari masu lamba 124, hamsin ragowar 115 ɗin nan. Cijewa ɗaya tak, a magazin mai lamba 2, harsashi na 138 a lissafina, cikin 115 ɗin, lokacin hannuna ya gaji kuma na ji sanda na saki riƙon. Harsashin roba kuwa ya tona ni Hajiya, bakin ya nutse ƙasa kusan faɗin tafin hannu. Akwatin ƙarfen an ɗaure shi tun ranar Laraba.

Kawu, saura tambaya ɗaya. Na lura harsashin da nake ta ɗorawa ina saukewa ya fi 'yan'uwansa gajarta kaɗan da na jera su a tebur. A harba shi?

Kawu Mai Gyara ya amsa:

A'a, ware shi. Duk ɗorawa kansa na dukan gangaren yana nutsewa cikin kwanso, wurin albarushi ya ƙuntata, matsi ya ƙaru fiye da ƙa'ida. Kai wa masu filin, suna da inda suke tara irinsu. Sati mai zuwa ka fara da magazin 2 tun hannunka bai gaji ba, mu ga ko zai sake.