Famfo ne, fanfo ne ko pampo? Ku taimaka kafin in biya mai fenti

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Na kama ɗan shago zan fara sayar da kayan ruwa, su bututu da tiyo da tankin roba da sauransu, to mai rubuta allo ya ce in rubuto masa abin da nake so a takarda don shi in ya shafa fenti ya gama, gyara kuɗi ne daban. Ni famfo na rubuta, ƙanina ya ce fanfo ne, yaron shagona kuma wai pampo tunda haka kowa ke faɗa. Wanne ne daidai? Kuma wai ma Hausa ce? Sannan kar in sa "muna sayar da famfo" masu keke su dinga zuwa neman na taya.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka. Rubuta famfo, jam'i famfuna. Aro ce daga pump ta Turanci, kuma daidaitacciyar Hausa ba ta rubuta p, f take komawa, shi ya sa muke da fensir, fasinja, fakiti, firamare. Aka ƙara mata wasali a ƙarshe saboda bakinmu ya fi sabawa da haka. Ka ce wa ƙaninka a tsakiyar kalma m ake sawa kafin f ko b, ya duba amfani, kamfani, tambaya. Yaronka kuma a furuci yana da gaskiya, f ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta shi ya sa take fita kamar p a bakin mutane da yawa, amma ba a allo ba.

Filamba:
Oga malam ya gama da rubutu, ni maganar ciniki zan maka. Wanda nasa ke ɗiga ba zai ce ka ba ni famfo ba, cewa zai yi ba ni kan famfo na rabin inci, sai ka tambaye shi na roba ko na ƙarfe, in ya ce na roba ka san kafin damina zai dawo. Wanda ake zurawa a bohol sumo muke ce masa, na jan ruwa sama zuwa tanki kuma inji kawai, na ƙauye da ake dannawa da hannu shi ne tuƙa-tuƙa. Ka sa kan famfo a allon wlh ba mai keken da zai dame ka.

Baba Dattijo:
Yaro abin da ya sa kalma ɗaya ta haɗa duka, a ganina, ruwan ne ya zo mana da inji. A Kano tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, farkon shekarun 1930, aka yi gidan ruwa na Challawa ana turo ruwa cikin gari ta bututu, mutane suna jin famfo ne ke turo shi sai inda yake fitowa a unguwa ma ya zama famfo, ruwan kuma ruwan famfo don a bambanta shi da na rijiya.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan pampo za ka ji, don Faransanci ma pompe ne, 'yan lakwal, wato 'yan boko, kuma su ce robine. Tiyo ɗin da kake sayarwa ma daga Faransanci ya shigo, kun ara a wajenmu ba godiya 😂

Maman 'yan biyu:
Ni dai kowanne kuka rubuta Allah ya sa a kawo ruwan, namu iska yake hurowa, 'yan garuwa ne ke cinye mana kuɗin cefane. Kuma Alhaji kar ka bari yaron nan ya dinga maka famfo kana canza allo, ka bi ta malam.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na tura masa "Kan famfo, bututu, tiyo da tankin ruwa". Filamba ka min magana ta inbos, ina neman inda zan sari sumo mai kyau.