Me ya sa ginin zamani ya yi watsi da ado?

Ɗalibi daga Daura:
Assalamu alaikum. Jiya na tsaya ina kallon zankwaye da zanen dagi a jikin wani tsohon soro, ga kuma sabon gini na kankare kusa da shi, bangonsa fayau babu ko ɗigon ado. Malamai, daga ina wannan salo na gini marar ado ya samo asali?

Malamin Zane, Katsina:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tushensa Turai ne. A 1919 masanin zanen gine-gine Walter Gropius ya kafa makarantar fasaha da zane mai suna Bauhaus a Weimar ta ƙasar Jamus, inda aka koyar da cewa amfanin gini shi ya kamata ya tsara siffarsa, kuma da yake ƙarfe da kankare sun ɗauke wa bango nauyin rufi, sai aka samu damar buɗe manyan tagogin gilashi. An rufe makarantar a 1933, malamanta suka watsu har Amurka.

Magini, Ƙofar Sauri:
Allah ya gafarta Malam, gilashin nan bai dace da zafin watan Afrilu a Katsina ba. Bangon tubali mai kauri da rufin azara suna riƙe sanyi har la'asar, da hannuna nake taɓawa ina ji, kuma yana damuna yadda muke rushe su.

Malamin Zane, Katsina:
Gaskiyarka. Hujjar da masanin zanen gine-gine Hassan Fathy ya kafa ke nan a Masar, lokacin da ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna da tubalin laka a shekarun 1940.